Masallacin Jenne: A Allon Wasa da a Bakin Kogin Bani

Duk wanda ya taɓa raba dare yana buga Civilization, wasan kwamfutar nan na gina dauloli da Sid Meier ya fara fitarwa a 1991, ya san zafin tseren gina abubuwan al'ajabi. Kowanne sau ɗaya ake gina shi, kuma wanda ya riga kammalawa shi ke da shi. A cikin waɗanda aka ƙara wa kashi na biyar na wasan a 2012 akwai Babban Masallacin Jenne na ƙasar Mali. Idan ka gina shi, masu wa'azin da suka fito daga birninka za su yaɗa addini sau uku maimakon biyu. Daga nan ginin zai tsaya cak a kan allo, ƙarni bayan ƙarni, ba ya neman komai a wurinka.

Wanda ya bar allon ya nufi Jenne da ƙafarsa zai tarar da wani labari dabam. Sai ya ƙetare kogin Bani kafin ya shiga garin, kuma idan ya dace da ranar Litinin, zai iske kasuwa ta cika maƙil a gaban masallacin. Ginin yana zaune a kan dandamali mai tsawon kusan mita 75 ta kowace fuska, ya ɗara ƙasan kasuwar da mita 3 saboda ambaliya. Hasumiyoyi uku ne a bangon alƙibla, da ƙwayayen jimina a ƙololuwarsu, ginshiƙai 90 kuma suna ɗauke da rufin. Shi ne ginin laka mafi girma a duniya. Sai dai shekarunsa ba su kai yadda ido ke zato ba: a 1907 aka kammala shi, 'yan shekaru bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato.

Asalin masallacin ya fi haka nisa. Abdurrahman al-Sa'adi, marubucin Tarikh al-Sudan a ƙarni na 17, ya ruwaito cewa wani sarkin Jenne mai suna Kunburu ya musulunta a gaban malamai 4,200, sannan ya rushe fadarsa ya mayar da wurin masallaci. Yawancin masana suna ajiye wannan a wajejen ƙarni na 13. Wancan ginin ya rayu ɗaruruwan shekaru, ya ga zamanin Mali da Songhai da mamayar sojojin Maroko. Abin da ya kayar da shi ba arna ba ne, ba kuma Turawa ba.

Shehu Ahmadu Lobbo, Bafulatanin malamin da ya ɗaga tutar jihadi a Masina a 1818, wanda yunƙurin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wa tasiri, shi ne ya juya wa masallacin baya bayan ya karɓi garin. Tsakaninsa da malaman Jenne akwai tsohuwar jiƙaƙƙa, kuma ginin alama ce ta martabarsu. Da yake shari'a ba ta yarda a sa gatari a rushe masallaci ba, ruwayar mutanen garin ta ce sai aka toshe indararon rufin, aka bar damina ta yi aikin. Lokacin da matafiyin Faransa René Caillié ya iso a 1828, ya tarar tsattsewa sun mamaye ginin da sheƙunansu, mutane suna salla a ɗan farfajiyar waje. A tsakanin 1834 da 1836 Shehu Ahmadu ya gina nasa masallacin, faffaɗa, gajere, babu hasumiya, babu ado. A ganina nan ne wasan ya fi yin nisa da tarihi: ginin da aka ba shi ikon yaɗa addini a allo, mai gyaran addini mafi ƙarfi da yankin ya gani ne ya bari ya zube.

Sojojin Faransa a ƙarƙashin Louis Archinard suka ci Jenne a 1893. A 1906 aka soma sabon gini a kan tsohon kango, da aikin tilas, Isma'ila Traore shugaban maginan garin yana jagora. Makaranta aka gina a gurbin masallacin Shehu Ahmadu. Har yau masana suna jayayya kan ko daidaiton hasumiyoyin nan uku ɗanɗanon Bafaranshe ne ko na maginan Jenne. Ni na fi karkata ga magina, domin mai mulki yana iya ba da umarni, amma bai san yadda ake murza tubali da hannu ba.

Bahaushen da ya tashi a gidan ƙasa ba ya bukatar a yi masa bayanin sauran. Ginin laka da yaɓe yake rayuwa. Kowace shekara kafin faɗuwar ruwa, ana jiƙa laka a ramuka na kwanaki, a haɗa ta da ƙaiƙayin shinkafa, yara su tattake. Ranar aiki mata da 'yan mata su ɗebo ruwa, samari su yi ta gudu da kwanduna, unguwa na gasa da unguwa, magina su haye itatuwan giginya da suka yi tsiri-tsiri a jikin bango. Baƙo yana ɗaukarsu ado, alhali matakala ce da aka gina tare da bangon. Kafin rana ta yi tsaka an gama.

Wannan ƙauna ma tana da nauyinta. Yaɓen shekara da shekaru ya taru har ya yi wa ginin kauri fiye da ƙima, shi ya sa gidauniyar Aga Khan ta shiga aikin gyara. A Satumban 2006, ganin ma'aikata a kan rufin ya tayar da tarzoma a garin. A Nuwamban 2009 kuma, bayan ruwan milimita 75 a yini guda, saman hasumiyar kudu ya rufto, aka sake ɗora shi.

UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 1988, abin da ya jawo masu yawon buɗe ido, ya kuma ɗaure hannun masu gidaje, domin ba su da 'yancin sauya fasalin gidajensu yadda suke so. Rikicin da ya ɓarke a Mali tun 2012 ya kori baƙin, ƙa'idar kuwa tana nan. A 2016 aka mayar da Jenne jerin wuraren da ke cikin haɗari. Mai niyyar ziyara ya fara bincikar lafiyar hanya tukuna, ya kuma sani cewa wanda ba Musulmi ba, iyakarsa waje.