Guzuri da Sharaɗi: Tarihin Fita Neman Ilimi Ƙasashen Waje Daga Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Gabatarwa

A cikin watan Mayu na shekarar 2023 wani dattijo daga ƙauyukanmu na Kebbe ya yi mini sallama da hantsi, yana tare da ɗansa wanda na taɓa koyarwa a firamare. Yaron yana cikin ɗaliban da aka kwaso daga Sudan bayan yaƙin da ya ɓarke a Khartum ran 15 ga Afrilu na wannan shekarar. Ya yi shekara huɗu yana karatun likita, ya dawo da jaka ɗaya da fasfo, babu takardar sakamako ko da ta zango guda. Shanu uban ya sayar ya kai shi. Bayan mun gaisa, dattijon ya dube ni ya ce, "Malam, yanzu karatun nan nasa yana nan, ko ya bi shanun?"

Wannan tambaya ita ta sa na koma ga tarihi. Abin da na gani shi ne, tun da mutanen ƙasar nan suka fara fita neman ilimi, tafiyar a kan abu biyu take tsayawa. Na farko sharaɗin karatu, wato wa zai tafi, me zai karanta, kuma da wace shaida zai dawo. Na biyu guzuri, wato wa zai ɗauki nauyinsa, kuma har zuwa yaushe. A kowane zamani wanda ya riƙe guzuri shi ke gindaya sharaɗi, kuma tafiyar ba ta yin albarka sai ɓangarorin biyu sun cika alkawari. Wannan shi ne abin da nake so in bi diddiginsa tare da mai karatu.

Kafin Zuwan Turawa

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma magabata sun yi aiki da wannan magana. Tsohon misalin da tarihi ya adana na tanadin kuɗi domin masu karatu a waje daga wannan yanki na Afirka, na mutanen Kanem ne. A wajen shekarun 1240 alhazansu suka ba wani alƙali a Alƙahira, mai suna Ibn Rashik, kuɗi ya gina makarantar fiƙihun Malikiyya wadda ta zama masaukin mutanensu. Masanin tarihin Masar, Maƙrizi, ya ambata cewa sun riƙa aika mata da kuɗi kusan kowace shekara. Abin lura a nan shi ne ba su tsaya ga gini ba, sun ci gaba da aike. Haka kuma a masallacin Azhar an keɓe wa ɗaliban Barno sashensu na kwana da karatu.

A nan ƙasarmu, babban misali shi ne na Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a 1754. Ya bi malaminsa Malam Jibrila ɗan Umar har Agadas, ya zauna tare da shi. Da malamin ya ɗaura niyyar wucewa Makka, Shehu ya juyo gida, saboda mahaifinsa bai ba shi izinin wannan tafiya ba. Ke nan sharaɗi na farko a tsarin magabata shi ne yardar iyaye, kuma izinin yana da iyaka. Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu ya bar mana littafin Ida'un Nusukhi, inda ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka daga kowane. A ganina wannan littafi shi ne kakan abin da muke kira takardar sakamako a yau.

Tambuwal kuwa, tun da Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zaune ta, ta zama gari na malamai, kuma almajirai daga nan da garuruwan Kebbe sun bi tsarin da kowa ya sani. Mai son haddar Alƙur'ani ya yi gabas, mai son nahawu da lugga ya nufi Zariya. Ɗalibi ba ya barin littafi ya kama wani sai malam ya yarda ya fahimta, in ya kammala kuma a ba shi ijaza mai ɗauke da sunayen malaman da karatun ya biyo ta hannunsu. Ta fuskar guzuri, iyaye su ba da abin da ya sawwaƙa, sauran kuma ɗalibi ya nema da hannunsa: noma a gonar malam da damina, ɗinkin hula, kwafar littattafai, ga zakka da sadaka da mai masauki. Masu tafiya Makka da ƙasa su ma haka suke yi, su tsaya a Sudan su yi aikin auduga a Jazira, su tara abin da zai ƙarasa da su. Tsarin yana da wahala, kuma yana cin shekaru, amma guzurinsa bai rataya ga aljihu guda ba, saboda haka ba ya yankewa a rana ɗaya.

Zamanin Turawa da En'e

Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, guzuri ya koma hannun hukuma, sharaɗi ya bi shi. Hanyar ta zama matakala: elemantare, sa'annan Midil ta Sakkwato, sa'annan Kwalejin Katsina ko Makarantar Koyon Aikin Alƙalanci ta Kano, wadda aka buɗe a 1934 da malamai daga Sudan, daga baya a 1947 ta zama Makarantar Nazarin Larabci. Elemantaren Dogondaji, a nan ƙasar Tambuwal, tana cikin matakan farko na wannan hanya. A cikinta Alhaji Ibrahim Dasuƙi, wanda ya zama Sarkin Musulmi, ya fara karatun boko, haka shi ma Shaihu Abubakar Mahmud Gumi. A wannan tsari En'e da gwamnati ke ciyar da yaro, su tufatar da shi, su ba shi littattafai, in ya gama kuma su ne za su faɗa masa inda zai yi aiki.

Fita waje ta fara ƙarfi ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1945 aka tura Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da wasu malamai Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan, a 1946 Malam Aminu Kano ya bi. Dukkansu malaman makaranta ne da suka riga suka yi aiki, kuma karatun da aka zaɓa musu shi ne wanda hukuma ke buƙata.

Labarin Shaihu Abubakar Gumi shi ya fi fito da abin da nake nufi. Shi da abokansa masu karatun Larabci, Masar suke so, domin can Azhar take. Amma a 1952 sojoji sun kifar da sarautar Masar, kuma Turawan mulki suna tsoron kada ɗaliban Arewa su kwaso ra'ayin siyasar can. Saboda haka a 1954 aka tura su Bakhtur Ruda, makarantar horar da malamai da ke kusa da garin Duwaim a bakin Farin Nilu, a Sudan wadda a lokacin take ƙarƙashin ikon Ingila da Masar. A cikin waɗanda suka yi karatu a can akwai Malam Halliru Binji da Malam Shehu Galadanci. Mai guzuri ya zaɓi hanya, ɗalibai suka bi. Amma sai a yi wa tsarin adalci: an biya abin da aka yi alkawari, kuma mutanen sun dawo sun yi aiki. Gumi ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962, ya kuma fassara ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa. Galadanci shi ya fara shugabantar Jami'ar Sakkwato da aka kafa a 1975, wadda yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Bayan Samun Mulkin Kai

Daga 1960 ƙofofi suka ƙaru. An buɗe Jami'ar Musulunci ta Madina a 1961, wadda ke ɗaukar nauyin ɗalibanta, ga Azhar da sauran jami'o'in Masar, ga Ingila da Amurka da Tarayyar Sobiyat. Nauyin tallafin karatu ya tashi daga gwamnatin Jihar Arewa zuwa Jihar Arewa maso Yamma a 1967, sa'annan Jihar Sakkwato a 1976. Sharuɗɗan da muka saba gani a takardun sikolashif kusan iri ɗaya ne. Ɗalibi ya kawo shaidar cewa shi ɗan jiha ne daga ƙaramar hukumarsa. Ya kawo takardar samun gurbi. Kada ya sauya fanni ko makaranta sai da izini. Ya riƙa aiko da sakamako kowace shekara, in ya faɗi ana iya janye tallafin. Daga ƙarshe ya sa hannu, tare da mai tsaya masa, cewa zai dawo ya yi wa jiha aiki, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ita kuma hukuma ta ɗauki kuɗin makaranta da na jirgi da alawus na abinci da masauki.

Raunin wannan tsari bai bayyana ba sai da darajar naira ta fara faɗuwa. A farkon shekarun 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya. A watan Satumba na 1986, ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Babangida, aka saki kasuwar canji, naira ta faɗi. Kasafin hukuma da naira ake yinsa, makarantun waje kuwa da dala ko fam suke karɓa, don haka kuɗin da aka ware wa ɗalibai goma sai ya kasa riƙe biyar. Irin wannan ya sake faruwa a watan Yuni na 2023, lokacin da aka sake sakin naira: dala da ake canzawa a wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura naira 1,500 a farkon 2024. A cikin 2024 ɗin gwamnatin tarayya ta rage alawus ɗin ɗaliban da ke karatu ƙarƙashin yarjejeniyar ilimi da ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Hangari daga dala 500 zuwa dala 220 a wata, a 2025 kuma ta ba da sanarwar daina tura sababbi a wannan shiri. Almajirin dā in guzuri ya ƙare sai ya kama fartanya. Ɗalibin yau yana zaune ne da bizar karatu, wadda a ƙasashe da yawa ba ta ba shi damar yin aiki yadda zai riƙe kansa, kuma makaranta tana iya riƙe sakamakonsa har sai an biya bashi.

Ta fuskar sharaɗin karatu ma an samu sauyi. Dā ijazar malam ta isa shaida. Yanzu wanda ya yi digiri a waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardarsa kafin ya shiga bautar ƙasa, shirin da aka kafa a 1973. Wanda ya karanta likita kuma sai ya ci jarrabawar Majalisar Likitoci ta Nijeriya kafin a ba shi lasisin taɓa majiyyaci. A watan Janairu na 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin da aka samo daga Jamhuriyar Benin da Togo, bayan da wani ɗan jarida ya nuna yadda ake sayen takarda a cikin makonni. Wannan mataki ya jefa har waɗanda suka yi karatun gaskiya a can cikin damuwa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ina da shawara ga 'yan'uwana malamai da iyayenmu dattawa, domin mu ake fara tambaya kafin a kai ga kowane ofis. Kafin yaro ya tashi, a tabbatar hukumomin Nijeriya sun amince da makarantar da fannin. A lissafa kuɗin dukkan shekarun karatun da kuɗin ƙasar da za a je, a kuma bar rarar da za ta tare faɗuwar naira. In tallafi ne, a karanta takardar alkawari baki ɗaya, a san abin da ke kan yaro da abin da ke kan mai tallafin, a ajiye kwafi a gida. A kuma wajabta wa yaro ya riƙa karɓar sakamakonsa mai hatimi a ƙarshen kowace shekara yana aikowa, kamar yadda Malam Abdullahi ya rubuta abin da ya ɗauka daga kowane malami. Su kuma hukumomi, abin da ya kamata su koya daga mutanen Kanem shi ne tura ɗalibi ba shi ne ƙarshen aiki ba, aiken kowace shekara shi ne aikin. Gara a tura biyar da kuɗinsu a ajiye har ƙarshe, da a tura hamsin a bar su a tsakiyar hanya.

Yaron da na fara da labarinsa ya shafe watanni yana bin sawun takardunsa ta waya, har Allah ya sa ya samu sakamakon shekara uku daga cikin huɗun. Da su ya samu gurbi a wata makaranta, ya maimaita shekara ɗaya. Ranar da uban ya zo gaya mini, na ce masa, "Alhaji, karatun yana nan, shekara guda ce ta bi shanun." Ya yi murmushi ya ce ƙanen yaron ma yana maganar fita waje, amma wannan karon sai mun zauna da takarda da alƙalami tukuna. Allah ya sa mu dace, amin.