Zama Kusa da Malami: Almajirantarwa a Ikilisiyoyin Jihar Maraɗi

Ƙidayar jama'ar Nijar ta 2012 ta nuna Kirista ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A birnin Maraɗi ƙarancin ba ya fitowa sosai, don akwai majami'u da fastoci da makarantu. Sai an nufi arewa, kimanin kilomita 120 zuwa Dakoro, inda gonakin hatsi ke ƙarewa makiyayar Fulani da Buzaye ta soma daga kwarin Tarka, ake ganin abin a fili. A irin wannan wuri mai bi yana iya zama shi kaɗai a zuriyarsa, wani lokaci shi kaɗai a ƙauyensa. Wa'azin Lahadi, in ya samu zuwa, sa'a biyu ne a mako. Sauran kwanakin yana gona ko bakin rijiya ko kasuwa, cikin mutanen da salla biyar ke tsara yininsu.

Hujjar wannan maƙala ita ce, abin da ya riƙe ikilisiya a wannan yanki shi ne almajirantarwa, wato babba ya ja ƙarami a jiki har ya tsaya da ƙafarsa. Tarihin yankin kuma ya nuna cewa matsala takan taso ne a mataki na ƙarshe, lokacin da ya kamata babban ya saki hannu.

Mishan ɗin SIM ya shigo Nijar ta Damagaram a 1924, kuma kafin shekarun 1920 su ƙare ya kafa tasha a Tsibirin Gobir, dab da Maraɗi. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausar boko a 1932, sai ya zama allon karatu da littafin ibada a lokaci guda. Daga baya aka buɗe asibitin Galmi a 1950, da wurin jinyar kutare a Danja a 1956. An fi tuna waɗannan wurare da magani, amma zaman da ake yi a cikinsu ya kai maganin tasiri. Mai jinyar kuturta kan yi watanni, har shekaru, a wuri ɗaya. Yaron da ke aiki a tashar mishan yana ganin yadda maigidansa ke fushi, da yadda yake biyan bashi, da yadda yake magana da matarsa. Da yawa daga masu bi na farko ta wannan kusanci suka shigo, kuma daga cikinsu aka samu masu bishara da suka bi ƙauyuka.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Ɗan maƙeri a bakin zuga yake koyon ƙira, almajirin allo kuma yana ɗaukar ladabin malaminsa tare da karatun. Haka yake a Sabon Alkawari. Bisharar Markus ta nuna Yesu ya zaɓi sha biyun nan don su zauna tare da shi tukuna, kafin ya aike su. Barnaba ne ya tsaya wa Bulus a Urushalima lokacin da kowa ke tsoronsa, shi ne kuma ya ƙi yar da Yahaya Markus bayan ya juya baya a tsakiyar tafiya. Akila da Biriskila sun ji Afolos yana wa'azi da giɓi a iliminsa, ba su kunyata shi a bainar jama'a ba, suka ja shi gefe suka gyara masa. A wasiƙa ta biyu zuwa ga Timoti kuwa, Bulus ya lissafa hawa huɗu: shi kansa, da Timoti, da amintattun da Timoti zai damƙa wa koyarwar, da waɗanda su kuma za su koyar.

A wannan hawa na uku da na huɗu ne aikin mishan ya yi tuntuɓe. Barbara Cooper, masaniyar tarihi da ta wallafa littafi a 2006 kan Kiristocin bishara na yankin Maraɗi, ta nuna yadda SIM ta fi ba da ƙarfi ga karatun Littafi da Hausa, tana ɗari-ɗari da ilimin zamani, don gudun kada neman abin duniya ya janye tubabbu. Gwamnatin mulkin mallaka kuwa tun 1922 ta shar'anta cewa da Faransanci za a koyar a makarantu masu zaman kansu. Sakamakon shi ne aka samu mutane masu zurfin sanin Nassi, amma ba su da takardar da za ta ba su aiki ko murya a ƙasar da harshen mulkinta Faransanci ne. Ikilisiyar EERN, wadda ta fito daga aikin SIM, ta samu cin gashin kanta a farkon shekarun 1960, amma asibiti da kuɗi da manyan shawarwari sun daɗe a hannun baƙi. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990 ikilisiyar ta dare, ikilisiyoyin UEEPN da Salama suka fita daga cikinta. Dalilan rabuwar suna da yawa, har da na ɓangaranci tsakanin yankuna, amma da wuya a raba su da tambayar wa aka shirya ya gaji wa.

Masu sukar almajirantarwa suna da abin faɗa a nan, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. Dangantakar malami da almajiri tana saurin rikiɗewa ta zama ta ubangida da bara. Wanda danginsa suka kora saboda ya tuba yakan dogara da fasto a ci da kwana da aure, kuma mai cin tuwon wani ba ya iya ce masa ya yi kuskure. Inda wannan ya yi tsanani, biyayya ga mutum ta kan maye gurbin girma cikin bangaskiya, ranar da maigidan ya ƙaura ko ya faɗi sai yaransa su watse.

Wani aikin SIM na daban ya nuna a fili bambancin da ke tsakanin dogara da tallafi da tsayawa da ƙafa. Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ke aikin gona a Maraɗi, ya lura a 1983 cewa kututtukan itatuwan da aka sare suna da rai a ƙasa, gyaran rassa kawai suke bukata. A yunwar 1984 aka haɗa wannan aiki da rabon abinci, manoma suka karɓa. Da rabon ya tsaya, da yawa suka sare itatuwan. Waɗanda suka bar nasu suka ga amfanin, maƙwabta suka koya daga gare su, har aikin ya kai kimanin hekta miliyan biyar a kudancin Nijar. Bangaskiyar da ta rataya a kan tallafi tana bin hanyar rukunin farko ne.

Akwai wurin da almajirantarwa ta yi aiki ba tare da hayaniya ba, wato zumuntar mata. Wasiƙar Titus ta ɗora wa tsofaffin mata koyar da ƙanana, kuma matan ikilisiyoyin Hausa sun riƙe wannan fiye da yadda maza suka riƙe nasu. A taronsu ake koyon waƙa da haddar aya, a nan ake haɗa gudummawar biki da ta rasuwa, a nan amarya ke jin yadda za ta zauna da uwar miji Musulma ba tare da ta yanke zumunci ba. Babu takardar shaida a ƙarshensa, shi ya sa rahotannin mishan ba su cika lissafa shi ba.

Lokacin tsanani ma wannan dangantaka ake komawa gare ta. An kai wa majami'u hari a Maraɗi a Nuwamban 2000, lokacin zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA. A Janairun 2015 an ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai bayan zanen jaridar Charlie Hebdo. Shugabannin ikilisiya sun yi kiran gafara a fili, amma saurayin da ya ga majami'arsu ta zama toka, dattijon da ya saba da shi ne kaɗai zai iya zaunar da shi ya hana shi ramuwa, ya kuma tuna masa Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a waɗannan ranaku.

Ƙasar Dakoro tana da tata wahalar, wadda tsarin da aka gina don birni bai hango ba. Makarantar Littafi irin ta Agye tana ɗaukar mutum shekaru daga garinsu, manomi mai iyali kuwa ba kowane ne zai iya barin gona haka ba. Da an gama girbi samari sun tafi cin rani Najeriya ko Agadas ko Libiya. Makiyayi kuma yana bin ruwa da ciyawa, yau a gefen Gadabeji, bayan wata uku a kudu. Wayar salula ta cike wani giɓin: ana sauraron Littafi da Hausa da Fulatanci daga katin waya, wa'azin fastocin Najeriya kuma yana yawo ta WhatsApp. Sai dai wayar ba ta san ko mai sauraron ya daina zaluntar matarsa ba, kuma cikin abin da take kawowa har da wa'azin arziki nan take, wanda ke da daɗin ji ga mai fama da fari.

Abin da yanayin ke nema shi ne a karkata ƙarfi daga jiran fasto mai takarda zuwa shirya dattawan da ke nan cikin ƙauyuka. A sa darussa masu nauyi a rani, a haɗa mai tafiya cin rani da wani mai bi a garin da zai sauka, a koyar da makiyayi ta baki da harshensa. Sannan tun da wuri a bar almajiri ya ja addu'a, ya sasanta rigima, ya riƙe kuɗin baiko, malaminsa yana gefe yana kallo, tun yana da ƙarfin gyara masa in ya kauce.