Kanar Klobb da Ranar Dankori

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta tashi daga Tasawa ta nufi Damagaram, zai ratsa garin Maijirgi, inda kaburburan Nasara biyu suke, wato Voulet da Chanoine. Sunayensu sun shahara saboda ɓarnar da suka yi a ƙasar Hausa a shekarar 1899. Amma akwai soja na uku wanda ba a cika ambatarsa ba, ko da yake da bin sawunsa ne aka san yawancin abin da ya auku. Shi ne Laftanar-Kanar Klobb, wanda aka harbe a Dankori, cikin ƙasar Tasawa, ranar 14 ga watan Yuli na wannan shekara.

An haifi Jean-François Arsène Klobb a shekarar 1857 a garin Ribeauvillé, cikin yankin Alzas. Yana yaro ɗan shekara goma sha uku Jamus ta karɓe yankin daga hannun Faransa, bayan yaƙin 1870 zuwa 1871. Da ya girma ya shiga sojan Faransa, ya zama hafsa a ɓangaren masu igwa na rundunar da ake turawa ƙasashen ƙetare. Aiki ya kawo shi Sudan ta Faransa, wadda ita ce Mali a yau, har aka ba shi riƙon yankin Tumbutu, inda ya yi ta gwabzawa da Abzinawan bakin kogin Kwara. Bai kamata a ɓoye wannan ba: Klobb sojan mamaya ne, ya zo cin ƙasa kamar sauran ƴan'uwansa.

A Tumbutu ya haɗu da Kaftin Paul Voulet a ƙarshen shekarar 1898. Gwamnatin Faransa ta ɗora wa Voulet da mataimakinsa Julien Chanoine, wanda ubansa janar ne kuma ya riƙe ministan yaƙi, aikin ratsawa daga kogin Kwara zuwa Tabkin Cadi. Klobb da kansa ya ƙara masa sojoji da mahaya dawaki, bai san cewa bindigogin wannan runduna ne za su zama ajalinsa ba.

Tun daga tushe tafiyar ba ta da kyakkyawan shiri. Yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka ƙulla ranar 14 ga Yuni 1898 ta bar wa Ingila duk ƙasar da ke cikin mil 100 kewaye da Sakkwato, Faransawa kuwa aka bar su da hanyar arewa mai ƙarancin rijiyoyi. Ga runduna ta yi yawa, da ƴan dako da bayi da dabbobi, ga kuma ƙarancin guzuri. Sai shugabanninta suka mai da wawashe garuruwa hanyar ciyar da ita. A watan Janairu 1899 aka karkashe mutane a Sansanin Hausa. A watan Afrilu Sarauniya ta tare su da mayaƙanta a Lugu. A watan Mayu suka auka wa Birnin Ƙwanni, suka ƙone shi, suka hallaka jama'a mai yawa.

Labarin ya isa birnin Paris ta wasiƙar wani laftana mai suna Péteau, wanda Voulet ya kora daga rundunar. A watan Afrilu 1899 ministan ƙasashen mulkin mallaka ya ba da umurni a bi su a bincika, in zargin ya tabbata a karɓe shugabanci daga hannunsu. Klobb aka zaɓa. Ya tashi da Laftana Octave Meynier da ƴan sojoji da ba su wuce hamsin ba, ya yi tafiyar fiye da kilomita 2,000.

Bai buƙaci ɗan jagora ba, domin toka da gawarwaki su suka nuna masa hanya. Kullum yana rubuta abin da idonsa ya gani a cikin ɗan littafinsa: garuruwan da aka ƙone, rijiyoyin da aka cika da gawa, da ƴan mata ƙanana da ya tarar an rataye a reshen itace. Wannan littafi, wanda aka buga bayan rasuwarsa, ya zama shaida daga bakin su kansu Nasara a kan abin da dattawan Arewa da Ƙwanni da Gobir da Tasawa suka daɗe suna faɗa wa jikokinsu.

Da ya matso kusa, Voulet ya aiko masa da takarda cewa yana da bindigogi 600, kuma in ya ƙara taku zai ɗauke shi abokin gaba. Klobb bai juya ba. Da safiyar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa, ya sa kayan sarkinsa da lambar girmansa a ƙirji, ya hau doki ya wuce gaba. Ya umurci mutanensa kada kowa ya harba, ko da an harbe su. Voulet ya sa aka buɗe wuta. Meynier ya faɗi da rauni a cinya, Klobb kuwa ya faɗi matacce, yana da shekara 42 a duniya.

Masu hikima sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Voulet ya gaya wa sauran hafsoshi cewa shi ya fita daga Faransa, zai kafa daular kansa. Sojojinsa baƙar fata, waɗanda suka ga alamar ba za su ƙara ganin gida ba, suka juya masa baya. Ranar 16 ga Yuli suka harbe Chanoine, kashegari kuma Voulet ya bi shi.

Sai dai mutuwarsu ba ta tsai da mamaya ba. Laftana Pallier ya ja ragowar rundunar, aka yi karo da mayaƙan Damagaram a Tirmini a ƙarshen watan Yuli, aka shiga birnin Zandar. Sarki Amadu Kuran Daga ya rasa ransa a watan Satumba. Joalland da Meynier suka ci gaba har Cadi, inda aka kashe Rabe a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900. A wannan shekara aka kafa yankin soja na Zandar, kuma a ƙarƙashin wannan sabon iko ne aka sake tsara sarautun kantuna da yawa na kudancin Nijar.

A Faransa, jinin hafsa guda ya tada hankali fiye da jinin dubban talakawa. Ɗan majalisa Vigné d'Octon ya nemi majalisa ta yi bincike a shekarar 1900, aka ƙi. A 1902 aka rufe maganar, aka ɗora laifin a kan tabin hankalin da wai zafin Afirka ke jawowa.

Adalcin tarihi shi ne a ba kowa nasa. Klobb bai zo don ya ƴanta kowa ba, amma ya ga zalunci bai kau da kai ba, ya rubuta shi, ya kuma tunkari mai yin sa ba tare da ya ɗaga bindiga ba. Shi an san sunansa da ranar mutuwarsa. Waɗanda ya tarar a cikin rijiyoyi kuwa ba wanda ya rubuta sunayensu, alhali su ne kakannin mutanen da suka koma kufai suka sake gini, suka yashe rijiyoyi, suka naɗa sarakuna. Riƙe labarinsu amana ce a wuyan fada da malamai da matasan ƙasa. Allah ya jiƙan magabata, ya zaunar da ƙasa lafiya.