Mayun Salem a Dandamali da a Fim

Tsakanin watan Yuni da Satumba na shekarar 1692, kotun da ta zauna a garin Salem, a yankin Masacuset na ƙasar da daga baya ta zama Amurka, ta sa aka rataye mutum 19 bisa laifin maita. Wani tsoho mai suna Giles Corey ya ƙi miƙa kansa a yi masa shari'a, aka yi ta jibga masa duwatsu a ƙirji har rai ya yi halinsa. Waɗanda aka zarga sun kai wajen 200. Fitinar ta faro ne a gidan limamin cocin ƙauyen, Samuel Parris, inda 'yarsa Betty mai shekara 9 da 'yar riƙonsa Abigail Williams mai shekara 11 suka dinga faɗuwa suna shure-shure, suna ihun ana mintsininsu.

Abin da ya ba shari'ar muni shi ne irin hujjar da alƙalai suka karɓa. Bahaushe ya san maye da kama kurwar mutum. A Salem kuwa kurwar mayen ce aka ce tana fita ta je ta azabtar da wani, kuma wanda ake azabtarwa ne kaɗai ke ganinta. To, ta ina mutum zai kare kansa daga shaidar da ba mai iya dubawa? Ga kuma wani tarko: wanda ya amsa laifi ya ambaci waɗansu, ba a rataye shi. Wanda ya kafe a kan cewa shi ba maye ba ne, shi ke hawa tsani.

Wannan tarkon ne ya ja hankalin Arthur Miller bayan shekara 260. A watan Afrilun 1952, amininsa Elia Kazan, wanda ya ba da umarni a shahararren wasansa Death of a Salesman, ya bayyana gaban kwamitin majalisar wakilan Amurka mai farautar 'yan gurguzu, ya lissafa sunayen tsofaffin abokan tafiyarsa. Miller ya nufi Salem ya zauna karanta takardun kotu. A ranar 22 ga Janairun 1953 aka fara nuna The Crucible a birnin Niyok. Sunan na nufin kaskon da maƙeri ke narka ƙarfe a ciki. Wasan ya ci kyautar Tony, amma bai wuce nuni 197 ba, kuma marubucin ya ɗanɗana kuɗarsa: a 1954 aka hana shi fasfo ya je Beljiyam kallon wasan, a 1956 kwamitin ya kira shi ya ƙi ambaton sunan kowa, a 1957 aka same shi da laifin raina majalisa, sai a 1958 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin.

Miller bai ɓoye cewa ya taɓa tarihi ba. Ya mayar da Abigail budurwa mai shekara 17, ya rage shekarun manomi John Proctor, wanda a zahiri ya kai wajen 60, sannan ya ƙulla haramtacciyar soyayya tsakaninsu, don kishi ya zama dalilin da Abigail ta yi wa matar Proctor, Elizabeth, ƙazafin maita. Babu wannan soyayya a takardun kotu.

Ƙarfin wasan a dandamali yana cikin abin da ya hana ido gani. Kashi huɗu ne, a ɗakuna huɗu: ɗakin kwanan Betty, tsakar ɗakin Proctor, ɗakin da ke maƙale da zauren kotu, sai kurkuku. Rawar da aka ce 'yan mata sun yi a daji tare da baiwa Tituba, ta riga ta wuce kafin a ɗaga labule. Parris yana da nasa labarin, Abigail na da nata, sauran 'yan matan suna raɗa wani abu dabam. Zaman kotun ma muryoyinsa kawai ake ji ta bayan bango a farkon kashi na uku. A ƙarshe, bayan Proctor ya yayyage takardar amsa laifin da ya sa wa hannu, don kada a manna sunansa a ƙofar coci, fita kawai ake yi da shi. Sai kaɗa ganga daga waje, Elizabeth na tsaye a kurkuku. Ta haka mai kallo ke zama tamkar mutumin Salem: ji-ta-ji-ta ce abincinsa, dole ya yanke wa kansa wa zai gaskata.

Kyamara ba ta da wannan haƙuri. Fim na farko ba a Holiwud aka yi shi ba, inda a lokacin ake da jerin sunayen waɗanda aka haramta wa aiki. Faransawa ne suka yi shi a 1957 da haɗin gwiwar Jamus ta Gabas, Raymond Rouleau ya ba da umarni, masanin falsafa Jean-Paul Sartre ya rubuta. Yves Montand da matarsa Simone Signoret, waɗanda tun 1954 suke wasan a dandamalin birnin Faris, su ne Proctor da Elizabeth. Sartre ya karkatar da labarin ya koma rikicin masu hannu da shuni da talakawan manoma, ya kuma rufe shi da boren jama'a bayan an rataye Proctor, har sai da Elizabeth ta hana a halaka Abigail. Miller bai ji daɗin wannan ba, kuma yana da hujja. A Salem babu wani bore da ya tsayar da kisan. Gwamna William Phips ne ya rushe kotun a watan Oktoban 1692, bayan zargi ya fara hawa kan manyan mutane.

Sai a 1996 aka yi fim ɗin da Turanci don silima. Nicholas Hytner ya ba da umarni, Miller da kansa ya rubuta yana da kusan shekara 80 a duniya, aka gina ƙauye sukutum a wani tsibiri na gaɓar Masacuset. Daniel Day-Lewis ne Proctor, Winona Ryder Abigail, Joan Allen Elizabeth, Paul Scofield kuma alƙali Danforth. Abu na farko da ake gani shi ne wanda dandamali ya ɓoye: 'yan mata na sulalewa daji, suna kewaye tukunya suna kiran sunayen samarin da suke so, Abigail ta shafa jinin kaza a fuska tana neman mutuwar Elizabeth. An samu riba a nan, domin ana ganin yadda tsoro ke yaɗuwa a gari kamar wutar daji, da yadda taro ke sowa a gindin wurin rataya kafin sowar ta koma shiru. Amma an yi hasara babba. Tun minti goma na farko mai kallo ya san abin da ya faru, ya zama ya fi kowa a Salem sani. Yana kallon alƙalai daga sama yana mamakin wautarsu, alhali a gidan wasa shi ma a cikin duhun yake.

Rufewar fim ɗin ta fi jan hankalin mai son tarihi. An tsayar da Proctor da Rebecca Nurse da Martha Corey tare, igiya a wuya, suna karanta Addu'ar Ubangiji ta Kiristoci, ana tunkuɗa su ɗaya bayan ɗaya, aka yanke wa Proctor numfashi kafin kalmar ƙarshe. A zahiri ba rana ɗaya suka mutu ba: Nurse a 19 ga Yuli, Proctor a 19 ga Agusta, Corey a 22 ga Satumba. Sai dai addu'ar tana da tushe. Mutanen wancan zamani sun yi imani maye ba ya iya karanta ta ba tuntuɓe. A ranar da aka rataye Proctor, wani tsohon limamin ƙauyen, George Burroughs, ya karanta ta tiryan-tiryan, jikin jama'a ya yi sanyi, sai babban malami Cotton Mather ya yi musu jawabi daga kan doki cewa Shaiɗan yakan rikiɗa ya yi kama da mala'ika, aka ci gaba da aiki. Miller ya cire Burroughs, ya ba jaruminsa addu'ar. An zaɓi Allen da Miller takarar Oscar, Scofield ya ci kyautar BAFTA, amma fim ɗin bai yi kasuwa ba.

Makomar Abigail ma kowa da yadda ya yi da ita. A dandamali ba a sake ganinta bayan kashi na uku. Parris ne ke shaida wa alƙalai cewa ta fasa akwatinsa ta gudu da fam 31. Sartre ya bar ta a hannun fusatattun mutane, Elizabeth ta cece ta. Fim ɗin 1996 ya kai ta kurkuku tana roƙon Proctor su tsere tare a jirgin ruwa, ya ƙi. Ita kuwa yarinyar ta ainihi, mai shekara 11, sunanta ya ɓace daga takardun kotu tun ana tsakiyar shari'ar a 1692.