Haƙƙoƙin Baƙi 'Yan Ƙasashen Waje a Yankin Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa

Ƙananan hukumomin Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa suna kusa da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Hanyar Kano zuwa Daura ta ratsa Kazaure ta nufi Kwangwalam, ta Babura kuma ta bi Babban Mutum zuwa Magarya a jihar Damagaram. Turawan Ingila da Faransa ne suka shata wannan iyaka a farkon ƙarni na 20, ta raba jama'ar da harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, kuma suna auratayya. Saboda haka baƙon da ya fi zuwa mana ɗan Nijar ne: ɗan ci-rani, makiyayi, ɗan ga-ruwa, mai gadi, falke ko almajiri. Zuwansu yakan ƙaru a shekarun fari, kamar 1973 da 1984, da lokacin ƙarancin abinci na 2005.

Abin da doka ta ba baƙo

Babi na huɗu na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kasa haƙƙoƙi gida biyu, kuma a nan ne muka ga ana yawan ruɗewa. Akwai waɗanda ya ba kowane mutum, akwai waɗanda ya keɓe wa ɗan ƙasa. Haƙƙin rayuwa a sashe na 33, da kare mutunci a sashe na 34, da 'yancin walwala a sashe na 35, da shari'ar adalci a sashe na 36, duk na kowane mutum ne, ko yana da takardu ko ba shi da su. Idan an kama baƙo, wajibi ne a gaya masa laifinsa da harshen da yake ji, a kuma kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu in ta fi haka nisa. In bai fahimci harshen kotu ba, za a ba shi tafinta kyauta. Duka, ɗauri a gidan wani, ko ƙwace kayansa da sunan bincike laifi ne, ko 'yan sintiri ne suka aikata. Haka nan wanda ya sa baƙo aikin gona ko gini ya hana shi ladansa, don ya san yana tsoron hukuma, ya ci haƙƙi, kuma kotu za ta saurari ƙarar. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1990 kan ma'aikata 'yan ƙaura a 2009.

Zaɓe da tsayawa takara kuwa na ɗan ƙasa ne. Haihuwa a Nijeriya ita kaɗai ba ta mai da yaro ɗan ƙasa, sai in mahaifinsa, mahaifiyarsa ko ɗaya daga kakanninsa ɗan ƙasa ne. Amma ana yi wa kowane jariri rajistar haihuwa, don kada ya tashi ba shi da shaida a ko'ina.

Shiga da zama

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga da zama har kwana 90 ba tare da biza ba, muddin suna da takardar tafiya. Mai son wuce haka sai ya nemi izinin zama daga Hukumar Shige da Fice, bisa dokarta ta 2015. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu, 2025, amma a ranar ƙungiyar ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanensu. Ko ba wannan umarni, ficewar ba ta taɓa sassan Kundin Tsarin Mulki da muka ambata ba.

Tasiri ga al'ummarmu

Amfanin a bayyane yake. Shanu, raƙuma, wake da kanwa suna shigowa daga arewa, hatsi da kayan masarufi suna fita, kasuwar Maigatari da ke jiharmu kuma shaida ce. Manomi yana samun 'yan ƙwadago lokacin girbi da noman rani. Mun ga darajar wannan hulɗa da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, inda ciniki ya ja baya, direbobi da dillalai suka shiga wani hali.

Nauyin ma akwai shi. Asibitoci da rijiyoyi sukan cika a shekarar yunwa, garken da ya sauko kafin a kwashe amfanin gona yakan haddasa rikici, masu safarar mutane kuma suna bin hanyoyin nan da 'yan mata da samari zuwa Agadas da Libiya. A ganinmu maganin kowanne shi ne a kama mai laifi da sunansa, ba a ɗora wa dukan baƙi ba. Ghana ta kori baƙi a 1969, 'yan Nijeriya da yawa suka dawo hannu rabbana. Nijeriya ta yi irin haka a 1983, inda aka ƙiyasta mutum kusan miliyan 2 suka fita. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam ta 1981, wadda ta zama doka a Nijeriya, ta haramta irin wannan korar ta jimla.

Aikin masu unguwanni, dagatai da hakimai

Muna kira ga iyayen ƙasa su riƙa rubuta sunan baƙo, garinsu, sana'arsa da mai masaukinsa. Kada a sa wa wanda ba ɗan ƙasa ba hannu a takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, komai daɗewarsa a gari. Wanda takardunsa ba su cika ba, Hukumar Shige da Fice za a sanar, domin hukumomin Tarayya kaɗai ke da ikon mayar da mutum ƙasarsa. Wanda ya gudo daga yaƙi a haɗa shi da hukumar kula da 'yan gudun hijira, zargin safarar mutane kuma a kai wa hukumar NAPTIP ko ofishin 'yan sanda mafi kusa.