Yadda Kebul Ya Bar Kyan Hoto Ya Koma Ƙirga Tashoshi

A shekarar 1948, mutanen Mahanoy City, wani ƙaramin garin masu haƙar kwal a jihar Pennsylvania ta Amurka, suna jin labarin talabijin amma ba su da halin kallonsa. Tashoshin birnin Philadelphia sun fara aiki, sai dai duwatsun da suka kewaye garin sun tare musu sigina. Wani mai shagon kayan lantarki, John Walson, da ya ga akwatunan talabijin ɗinsa sun ƙi sayuwa, sai ya kafa eriya a kan dutse, ya jawo waya zuwa shagonsa, daga nan ya miƙa ta gidajen da suka yarda su biya. A wannan shekarar kuma Ed Parsons ya yi irin wannan dabara a Astoria ta jihar Oregon, ya kamo tashar birnin Seattle. Daga irin waɗannan wayoyi talabijin na kebul ya samo asali, kuma hajarsa guda ɗaya ce: hoto garau a inda eriyar gida ta gaza.

Shekara sittin bayan haka, a 2008, jaridun Amurka suna ɗauke da koken masu biyan kuɗin kebul cewa tashoshin da aka sayar musu da sunan HD suna dishi-dishi, suna farfashewa da zarar abu ya motsa da sauri. Wasu ma sun gano cewa eriyar kyauta ta fi ba su hoto mai kyau. Ruwa ba ya tsami banza, kuma tushen wannan tsami yana cikin wani lissafi da aka yi tun kafin a ja wayar farko.

Gidan haya mai ƙayyadaddun ɗakuna

A 1941 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta amince da ƙa'idar talabijin ta ƙasar, wadda a cikinta kowace tasha ke da faɗin zango na megahaz 6. Kamfanonin kebul sun gaji wannan ma'auni, suka yanka wayarsu gida-gida a kansa. Mu ɗauki wayar a matsayin gidan haya. Wadda aka inganta ta kai megahaz 750, kamar yadda aka yi wa da yawa a shekarun 1990, tana da ɗakuna kimanin 110 na aika shirye-shirye. A zamanin analog, kowace tasha ɗaki guda take cinyewa ita kaɗai, ko tana nuna wasan ƙarshe na gasa ko tana tallar tukunya.

Hoto mai tsananin kyau kuwa baƙo ne mai kaya da yawa. Japan ce ta fara nisa a kansa: gidan talabijin na NHK ya ƙera tsarin Hi-Vision, wanda saboda girmansa sai ta tauraron ɗan'adam ake iya aika shi. Amurkawa sun so nasu ya shiga ɗakin nan na megahaz 6. A 1990 kamfanin General Instrument ya nuna cewa hakan zai yiwu idan aka mayar da hoton dijital aka matse shi. A watan Disambar 1996 FCC ta amince da sabuwar ƙa'ida, a ƙarshen 1998 kuma tashoshi suka fara watsa HD ta iska.

Ga lissafin da ya biyo baya. Ɗanyen hoton HD, yadda yake yawo a cikin situdiyo, yana cin kusan megabit 1,500 a daƙiƙa guda. Tashar da ke watsawa ta iska tana da megabit 19.39 kacal. Wato tun kafin hoton ya bar gidan talabijin, an zubar da fiye da kashi 98 cikin ɗari na bayanansa. Dabarar matsewar, MPEG-2, tana dogara ne da cewa yawancin abin da ke cikin hoto ba ya canjawa daga wannan ƙiftawa zuwa ta gaba, don haka abin da ya motsa kaɗai ake aikawa. Shi ya sa mai karanta labarai ke fitowa tas, domin leɓɓansa kawai ke motsi. Amma idan kyamara ta bi ƙwallo da gudu, ciyawa da 'yan kallo da allunan talla duk suna canjawa lokaci ɗaya. Idan megabit ya gaza, sai na'ura ta cike giɓin da ƙananan murabba'ai, ciyawa ta koma kamar an shafa koren fenti.

Gasar ƙirga tashoshi

A wannan fage kebul ya shigo da rinjaye. Da yake sigina a cikin waya ba ta fama da iska da gine-gine, ɗaki guda na kebul yana ɗaukar megabit 38.8, ninki biyu na abin da iska ke ɗauka. Tashoshin HD biyu za su zauna a ɗaki ɗaya ba tare da an rage musu komai ba.

Matsin ya zo daga sama. Kamfanin DirecTV mai amfani da tauraron ɗan'adam shi ma ya taɓa shan suka, lokacin da ya rage faɗin wasu tashoshinsa daga ɗigo 1,920 zuwa 1,280, har masu kallo suka laƙaba wa abin suna HD Lite. To amma ya harba sababbin taurari, ya koma ga sabuwar dabarar matsewa ta MPEG-4, wadda ke iya ba da hoto iri ɗaya da kusan rabin megabit, sannan ya yi alkawarin tashoshin HD 100 kafin ƙarshen 2007. A ƙasa kuma Verizon ya fara kai talabijin gidaje ta wayar gilashi a 2005, yana tallar cewa hotonsa ya fi kyau.

Gidan kebul a lokacin ya cika maƙil. Tashoshin analog sun mamaye ɗakuna da dama, kuma korarsu na nufin ɓata wa miliyoyin masu tsofaffin talabijin rai. Intanet, wadda ke bi ta wayar nan ɗaya, tana neman ƙarin ɗakuna kowace shekara. Komawa MPEG-4 kuma yana buƙatar canja miliyoyin dikodojin da ke gidajen mutane, waɗanda MPEG-2 kaɗai suka sani. Hanya mafi arha ita ce a ƙara mutum a ɗaki. A 2008 aka gano cewa Comcast, kamfanin kebul mafi girma a ƙasar a lokacin, yana cusa wasu tashoshin HD uku a inda ake sa biyu. Kowacce ta tashi da kusan megabit 13 maimakon 19.

Lissafin kasuwa ne ya yanke wannan hukunci. Yawan tashoshi lamba ce da ake bugawa ɓaro-ɓaro a allon talla, kowa ya gane. Megabit kuwa ba ya cikin takardar biyan kuɗi. Alamar HD tana faɗin yawan layukan ɗigon da ke kan allo ne kawai, 720 ko 1080, ba ta cewa komai game da yawan bayanan da aka ba kowane ɗigo. Ko da Comcast ya koma MPEG-4 a tsakiyar shekarun 2010, ya sauke tashoshi da yawa daga 1080i zuwa 720p, wato daga hoto mai ɗigo miliyan biyu da 'yan kai zuwa mai 921,600. Ɗakunan da aka samu sarari, intanet ce ta ci moriyar da yawansu.

Abin da ya sa wasu suka wuce shi

Faifan Blu-ray, da ya fito a 2006, yana iya ba fim ɗaya har megabit 40, ba ya raba shi da kowa. Netflix, da ya fara nuna fina-finai ta intanet a 2007, megabit ɗinsa bai kai na kebul ba, amma yana da lokaci. Tashar kebul dole a matse ta nan take, yayin da shirin ke gudana. Fim ɗin intanet kuwa ana matse shi tun kafin ranar fitarsa, kwamfuta ta bi shi a tsanake, ta ba wurin faɗa da gudu kaso mai yawa, ta rage wa wurin hira. A 2015 Netflix ya fara auna wa kowane fim nasa ma'aunin daban. Kuma da sababbin dabaru suka fito, HEVC a 2013 da AV1 a 2018, wayoyi da talabijin na zamani sun karɓe su cikin 'yan shekaru. Wannan rinjaye yana raguwa a wasan kai tsaye, inda intanet ma ke matsewa cikin gaggawa, sau da yawa kuma tana isowa bayan maƙwabci ya riga ya yi ihun an ci.

A Najeriya abin da muke kira kebul, irin su DStv da GOtv da StarTimes, ta faranti ko ta eriya yake zuwa, babu wayar da aka jawo daga kamfani. Duk da haka dokar ɗaya ce: zangon tauraro ko na hasumiya ƙayyadadde ne, kuma kowace tasha da aka ƙara, daga rabon sauran ake ɗiba. Wanda ya ga ciyawar fili tana narkewa a sabon talabijin ɗinsa mai inci 65 yakan zargi akwatin, har ya fara tunanin sayen wanda ya fi shi. Kafin ya kashe wannan kuɗi, ya kunna fim mai inganci ta intanet ko ta filas a kan allon nan ɗaya. Idan hoton ya fito garau, akwatin ba shi da laifi: babban allo yana faɗaɗa abin da aka aiko masa ne, har da murabba'an.