Ƙurar Hunturu: Tarihin Tafkin da Ya Ƙafe Muke Shaƙa

Mai karatu, duk shekara idan Nuwamba ta kama, iskar arewa maso gabas takan taso, hazo ya rufe gari, leɓe ya tsage, faso ya buɗe, layin masu tari da mura ya yi tsawo a asibiti. Wataƙila ka ɗauka ƙurar nan daga titin unguwarku ta tashi. Wani kaso nata daga nan ne, amma mafi laushinta, wadda ke kwanciya a kan tebur kamar garin alli, ta yi tafiyar sama da kilomita 1,000 kafin ta iso hancinka, kuma tarihinta ya girmi duk wata ganuwa a ƙasar Hausa.

Sahara ba kullum take hamada ba. Duniya tana ɗan layi a juyinta, kamar yadda katantanwa ke yi idan juyinta ya fara sanyi, kuma layin yana cika zagaye ɗaya a wajen shekara 20,000. Idan zagayen ya kawo zafin rana mai ƙarfi a bazarar arewacin Afirka, iskar damina takan kutsa can cikin hamada da ruwa. Idan ya juya, damina ta ja da baya, yashi ya karɓe ƙasa. Masana sun karanta wannan kai-komo a lakar da suka haƙo daga ƙarƙashin Tekun Atlantika daura da Muritaniya, inda shimfiɗar ƙura mai kauri ke nuna zamanin fari, siririya kuma zamanin ruwa.

Kimanin shekara 20,000 da suka shige, lokacin da ƙanƙara ta rufe arewacin Turai, hamada ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita. Jigayin da ake noman gero a kansu yau a yankin Haɗeja tulin yashi ne na wancan zamani, da ciyawa ta ɗaure daga baya. A 1958 masani A. T. Grove ya yi rubutu a kansu, yana kiransu tsohuwar hamadar ƙasar Hausa.

Daga nan ruwa ya dawo. Tsakanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, Sahara ta kasance ƙasar ciyawa da tafkuna. Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000, alhali a 1963, da ake ganin ya cika ya batse, wajen 25,000 ne. A Gobero, cikin hamadar Tenere ta Nijar, tawagar Paul Sereno ta gano a shekarar 2000 wata maƙabarta mai kusan kabari 200, tare da masun kamun kifi na ƙashi da ƙasusuwan dorina da kada da giwan ruwa. A Dabus, arewa da Agadas, akwai hoton raƙumin dawa mai tsayin fiye da mita 5 da aka sassaƙa a jikin dutse. A Dufuna ta jihar Yobe kuwa, wani makiyayi yana haƙa rijiya a 1987 ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda aka ƙiyasta ya kai shekara 8,000.

Da damina ta janye, tafkin ya yi ta ƙanƙancewa, har kwarinsa mafi zurfi, wato Bodele a arewacin Chadi, ya bushe. A gindinsa aka bar farar ƙasa mai taushi, ragowar ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa dangin gansakuka. Iskar hunturu takan matsu tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi wannan gari. Babu wani wuri guda a duniya da ya kai Bodele fitar da ƙura. Wata takan sauka a gonakin Kano ta ƙara musu albarka, wata ta ƙetare teku har dajin Amazon da sinadarin fosfaros da itatuwansa ke buƙata.

Abin da ya zama taki ga gona, ga huhu wahala ne. Manyan ƙwayoyin ƙura hanci yakan tare su, amma masu tsananin laushi sukan wuce can ciki, su tayar da asma, su tsananta ciwon huhu da na zuciya. Busasshiyar iska kuma takan raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, abin da masana ke alaƙantawa da yadda ƙwayar sanƙarau ke samun kafar shiga jini. A 1963 likitan Faransa Lapeyssonnie ya zana yankin wannan cuta, wanda a yau ake lissafa shi daga Senegal zuwa Habasha. A annobar 1996, a Najeriya kaɗai fiye da mutum 100,000 suka kamu, sama da 11,000 suka rasu. Rigakafin MenAfriVac da aka fara a 2010 ya karya lagon nau'in A, amma akwai sauran nau'o'i, shi ya sa a 2024 Najeriya ta fara amfani da Men5CV mai kariya daga guda biyar.

Iskar da ta shekara dubbai tana kaɗawa ba za ta fasa bana ba, kuma lokacinta sananne ne. Don haka mai asma ya duba abin shaƙarsa tun Oktoba, ya tabbata bai ƙare ba kuma wa'adinsa bai wuce ba. Ranar da hazo ya yi kauri, a rufe tagogi, a yayyafa ruwa kafin shara, tsofaffi da yara su rage fita, mai fita ya sa takunkumin da ya kama fuska sosai. Yawancin tarin hunturu ba ya buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta, kada ka saye shi ba da umarnin likita ba. Idan masu rigakafi sun zo unguwa, a fito da yara. In kuwa ka ga zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, ko jariri ya ƙi mama maɗigarsa ta kumbura, a tafi asibiti a wannan sa'ar, kada a jira wayewar gari. Allah Ya ƙara mana lafiya.